Tafiyar Ƙafa a Kurmi da Kwarin Kogi: Yadda Zaka Shirya Kar Ruwa Ya Shammace Ka

Da yawan mutane in ka ce musu za a fita tafiyar ƙafa ta shan iska, tambayar farko ita ce akwai hawan dutse? In ka ce babu, fili ne kawai da kurmi da bakin kogi, shikenan sai ka ga sun saki jiki, wani ma da silifas zai taho da 'yar robar ruwa ɗaya a hannu. To ni dai gaskiya wannan sakin jikin ya fi ba ni tsoro a kan dutsen kansa. Dutse tun daga nesa yake nuna maka girmansa, kana hango shi ka san akwai aiki a gabanka, amma ƙasa mai kwari ba ta yi wa kowa gargaɗi, kuma duk ruwan da ya sauka a kan tuddai nan yake gangarowa ya taru. Taɓo, sauro, kaska, hazon safiya, rafin da ya ciko ba zato, 'yar gadar katako da aka wayi gari babu ita, duk haihuwar ruwa ce. Shi yasa in zan koya wa mutum wannan tafiyar da ruwa nake farawa, kuma kusan komai a kansa nake ɗorawa.

Ba wai ina so ka fasa bane fa ɗan uwa. Wannan ita ce tafiyar da ta fi dacewa da mai farawa, da mai tafiya da yara, da dattijon da gwiwa ta fara yi masa gardama, domin ba ta cin numfashi kamar hawa, kana tafe kana hira kana kallon tsuntsaye. Akwai ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci har suka shata dogayen hanyoyi musamman saboda haka. A Holan akwai wadda ake kira Pieterpad, kusan kilomita 500 daga arewacin ƙasar zuwa kudu, mata biyu ne ma suka tsara ta, kuma yawancinta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta gonaki da kurmi. A Ingila akwai hanyar da ke bin Kogin Tems tun daga inda ya ɓuɓɓugo har cikin Landan, kusan kilomita 300, an buɗe ta a 1996, kuma ita ɗin ma duk da gyaran da take sha lokacin sanyi ruwa yana shanye wasu sassanta a rufe su. Kaga kenan ko hanyar da hukuma ke kula da ita kogi ne mai faɗa a ji a kanta, balle turbar da ba wanda ya taɓa kafa mata alama.

Kafin ka fita

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin ranar ka zauna da taswira, kuma ba irin taswirar direbobi ba wadda tituna kawai take nunawa, ka nemi mai nuna yanayin ƙasa. Ka duba ma'auninta a gefe: in an rubuta 1:25,000 to duk santimita 4 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa, in 1:50,000 ne santimita 2 ne kilomita 1. Waɗannan siraran layuka masu ruwan ƙasa da ke lanƙwashe-lanƙwashe su ke nuna tudu da gangare, in sun matsu da juna wurin akwai tsayi, in sun yi nesa da juna fili ne. Amma a irin tafiyarmu abin da za ka fi zuba wa ido shi ne shuɗi. Ka bi hanyarka da yatsa daga farko har ƙarshe ka ƙirga sau nawa ta tsallaka shuɗin layi, sannan a kowanne ka tambayi kanka: gada ce a nan ko mashigi ne da sai an shiga ruwa? In taswirar ta nuna alamar fadama, wato 'yan gajerun layuka kamar ciyawa a kan shuɗi, ka ɗauka wurin zai ci maka lokaci ninki biyu. Wata dabara kuma, inda layukan tudu suka tsallaka rafi suna yin tsini kamar bakin mashi, tsinin nan kullum yana nuna inda ruwan ya fito ne, saboda haka ko ba a saka kibiya ba za ka san ina ruwa ya nufa.

Waya tana taimakawa sosai, ba na musu. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna aiki da taswirar OpenStreetMap, kana iya sauke yankin gaba ɗaya tun kana gida, kuma GPS ba ruwansa da netwok, da tauraron ɗan adam yake aiki, don haka ko a tsakiyar kurmi zai nuna maka inda kake. Matsalar batir ce. A kwari sigina yana rauni, wayar sai ta dinga wahalar neman netwok tana zuƙe caji, shi yasa gara ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka riƙe fawabank, ka naɗe su duka cikin leda mai kyau. Duk da haka ka buga taswirar a takarda ko ka zana ta da hannu, ka riƙe ɗan kamfas. Takarda ba ta mutuwa.

Sai lissafin lokaci, wanda nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Wani mai hawan duwatsu ɗan Sukotland mai suna William Naismith ya fitar da ƙa'ida tun 1892 da har yau ake amfani da ita: awa 1 ga duk kilomita 5, sannan a ƙara awa 1 ga duk hawan mita 600. Tunda mu ba hawa a gabanmu sai mutum ya ce to kilomita 15 awa 3 ce kenan. A busasshiyar hanya mai kyau ga mai ƙarfi wanda ba ya tsayawa, eh haka ne. Amma ƙa'idar ba ta san taɓo ba, ba ta san rairayin bakin kogi da ƙafa ke nutsewa a ciki ba, ba ta san yaro zai tsaya kallon kwaɗo ba, kuma hanyar da ke bin kogi tana bin duk lanƙwasarsa ne, abin da ka auna a miƙe kilomita 6 sai ka tarar 9 ne. Ni da kilomita 3 zuwa 4 a awa nake lissafi, in ƙara minti 10 na hutu a kowace awa, in kuma ƙara awa guda ta ko-ta-kwana. Mai farawa ya tsaya a kilomita 6 zuwa 8 a fitar farko, ya ga yadda ƙafarsa ta wayi gari, tafiya sannu sannu kwana nesa. Kuma tun a gida ka yanke lokacin juyawa, misali ka ce ƙarfe 2 na rana ko na kai ko ban kai ba zan juyo, in lokacin ya yi kar ka tsaya ciniki da zuciyarka. Ka faɗa wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo da lokacin da in bai ji ka ba ya nemi taimako, ka rubuta masa, kar ka bar shi a baki.

Hasashen yanayi kuma ba na inda kake tsaye kawai za ka duba ba, ka duba na can sama inda kogin ya fito. Wannan na koye shi ne da jikina. Wata rana da safe muka tsallaka wani rafi ruwa iya idon sawu, garai-garai har ana ganin tsakuwa, muka wuni a hayin, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, rana ƙwal. Da la'asar muka dawo muka tarar da jan ruwa yana gudu da karare da reshen itace, ya haura cinya. Ruwan sama ne aka yi can nesa inda ko hadarinsa ba mu hango ba. Sai da muka zaga kusan awa biyu kafin mu samu gada, muka iso gida da duhu, kuma har yau ina gode wa Allah da babba a cikinmu ya hana mu shiga, domin akwai waɗanda suka fara naɗe wando. Haka nan in akwai dam a saman kogin, masu kula da shi suna iya sakin ruwa a ranar da sama take wasai, ka bincika wannan tun kafin ka fita, ka tambayi mutanen da ke zaune a bakin ruwan, masunta da manoman fadama sun fi kowace manhaja sanin halinsa.

Ƙafa da kaya

Takalmi ba sai mai nauyi irin na hawan dutse ba. Abin da kake buƙata mai rufe yatsu, mai tsagi a ƙasa don santsi, wanda ka riga ka saba da shi, kar ka kuskura ka fara sabon takalmi ranar doguwar tafiya. Ya ɗan fi ƙafarka kaɗan domin ƙafa tana kumbura in an jima ana tafiya. Ka sa a ranka cewa zai jiƙe, ko ba ka shiga rafi ba raɓar safiya a ciyawa ta isa ta jiƙa ka har gwiwa, don haka na fi son takalmin da ke saurin bushewa a kan wanda aka ce ruwa ba ya shigarsa, domin irin wannan in ruwan ya shiga ta sama to ba ya fita. Safar auduga tana riƙe danshi, jiƙaƙƙiyar fata kuma ita ce ke saurin yin bororo, ka nemi ta ulu ko ta nailan, ka sa guda biyu busassu a leda. Wani abu da mutane ba su sani ba, shimfiɗaɗɗiyar hanya ma tana tayar da bororo, saboda takunka iri ɗaya ne sau dubbai, wuri ɗaya ke ta gogawa. Da ka ji wani wuri ya fara zafi-zafi kar ka ce bari mu kai wancan itacen, zauna a take ka cire takalmi ka busar da ƙafar ka manna filasta. Minti 5 ne, amma su ke raba mai dawowa da fara'a da mai dawowa yana ɗingishi.

Jakar baya ta wuni ɗaya kar ta wuce kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinka, ta kwana kar ta wuce kashi 20. A ciki: ruwa, abin ci mara nauyi da ba ya lalacewa, rigar ruwa ko babbar leda, tocila ko da kana da niyyar dawowa da rana, usur, ashana a leda, 'yar wuƙa, filasta, bandeji, hantsaki, maganin sauro, gishirin nan na haɗin ruwa da ake ba mai gudawa, da duk maganin da kake sha kullum. Dogon wando da riga mai dogon hannu masu haske, hula mai baki. Sai sanda. Dan Allah kar ka raina sanda, ita ce ke auna maka zurfin ruwa da taɓo, ita ke buga ciyawa kafin ƙafarka, ita ce ƙafarka ta uku a mashigi.

A kan hanya

In hanyar mai alama ce ka koyi yaren alamar tun kafin ka shiga. A Faransa dogayen hanyoyin da ake kira GR fenti fari da ja ake shafawa a itace ko dutse, in ka ga an gitta su kamar alamar kuskure to ba nan ba ce, ka koma. A Ingila kibiya rawaya ta masu ƙafa ce, shuɗiya har da masu doki da keke. Ko ma wace iri ce dokar ɗaya ce: in ka yi tafiya mai ɗan tsawo ba ka sake ganin alama ba kar ka ci gaba da fatan za ta ɓullo, ka koma ta ƙarshe da ka gani. Kuma a duk mararraba ka waiwaya ka kalli bayanka, domin hanya tana sauya kama in ka juyo, ka riƙe wani abu a ka, itace mai rassa biyu ko suri ko karyayyen gungume.

Kurmi shi ne inda ake ɓata, ba don yana da girma ba, sai don ko'ina kama ɗaya kuma ba tudun da za ka hau ka hango. A 2009 masu bincike na Cibiyar Max Planck a Jamus sun sa wa mutane GPS suka ce su miƙe sak a cikin wani kurmi, waɗanda suka yi tafiya ranar da gajimare ya rufe rana sai ga su suna ta kewaye suna dawowa kan sawunsu ba su sani ba, waɗanda ke ganin rana kuwa suka tafi kusan a miƙe. Wato jikin mutum shi kaɗai bai iya miƙewa ba, sai da abin da zai dogara da shi a waje. Saboda haka ka riƙa kula da inda rana take da inda inuwarka ta faɗi, ka riƙa duba kamfas, kuma ka mayar da kogin kamar igiyar makaho: in ka san tun farko yana hannun damanka to duk inda ka karkace ka san ta ina za ka same shi. Ka ƙirga takunka ma sau ɗaya a fili ka san nawa ne ke ba ka mita 100, yawancin manya tsakanin 60 da 70 ne in ana ƙirga ƙafa ɗaya kawai, ranar hazo za ka ga amfaninsa.

In kuma ka tabbata ka ɓata, tsaya cak. Zauna ka sha ruwa ka bar zuciyarka ta lafa, domin gudun firgici shi ke mayar da ƙaramin ɓata babba. Ka tuna inda ka ga alama ta ƙarshe, ka buɗe taswira, ka saurara ko za ka ji ruwa ko mota ko dabbobi. In ba ta fito ba kuma yamma ta yi, zama wuri ɗaya ya fi, ka busa usur sau uku ka dakata ka sake. Akwai masu cewa ka bi ruwa kawai zai kai ka gari, ni ban cika ba da wannan shawarar ba, a ƙasa mai kwari rafi yana iya kai ka cikin fadamar da ba ta da fita. Ka tuna kuma duhu yana riga shiga kurmi da kwari kafin fili. Ka miƙa hannunka ka jera yatsu tsakanin rana da inda za ta faɗi, kowane yatsa kamar minti 15 ne, yatsu huɗu awa guda, a kurmi ka cire rabin awa daga abin da ka samu.

Tsallake ruwa

Nan ne nake so ka nutsu da ni sosai. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kwashe ƙafar babban mutum, wannan bai kai tsawon tafin hannu da yatsu ba fa. Dokata ita ce in ruwa yana gudu kuma ya kai gwiwa, ba na shiga. In ya yi ja ko yana ɗauke da itace da shara, ko kana jin ƙarar duwatsu suna gungurawa a ƙasansa, to yana kan cikowa ne, ba na shiga ko da bai kai gwiwar ba. Jefa kara ka bi shi da tafiya a gaɓa, in ya fi ka sauri ka haƙura.

In ya zama na tsallakawa ne, kar ka zaɓi inda ya fi ƙunci don kana ganin ya fi kusa, inda kogi ya matse nan ya fi zurfi da ƙarfi, nemi inda ya baje ya yi faɗi. Ka guji lanƙwasa, domin ta wajen bayan lanƙwasar ruwa yake ƙwaƙule ƙasa ya yi rami, gaɓar wurin ma ƙarƙashinta a rarake yake tana iya zaftarewa da kai, shi yasa ko hoto ba na yarda a tsaya ɗauka a bakin irin wannan gaɓar. Ka duba ƙasa da inda za ka shiga, in akwai faɗaɗɗen itace a cikin ruwan canza wuri, domin wanda ruwa ya ja ya manna da rassa fitarsa da wuya. Kar ka cire takalmi, cire safa dai ka mayar da takalmin, ƙafa ba takalmi ba ta da riƙo a kan dutse mai gansakuka kuma akwai fasasshiyar kwalba da ƙaya. Kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji yadda in ka faɗi za ka iya yar da ita. Ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka kafa sanda a gabanka, ka riƙa matsawa gefe-gefe kana jan ƙafa, kullum abu biyu na ƙasa kafin ka ɗaga na uku, kuma ka kalli hayin da za ka, kar ka kalli ruwan da ke wucewa, jiri yake sawa. Kar a ɗaure kowa da igiya a ƙugu. Yara kuwa in ruwa ya kai gwiwarsu su, ba taka ba, a nemi gada. A ƙasashe masu zafi inda ake da kada ko dorina, tambayar mutanen wurin wajibi ce kafin ka kusanci ruwa, musamman da asuba da magariba, kuma kar ka taɓa shiga tsakanin dorina da ruwanta.

Ruwan sha ka taho da naka, kamar rabin lita ga kowace awa ta tafiya, in ana zafi fiye da haka. Abin takaici ne mutum ya wuni a bakin kogi da ƙishirwa amma haka abin yake, ruwan kwari ya riga ya ratso gonaki da garuruwa da mashayar dabbobi kafin ya iso gare ka, haskensa ba shaida ba ce. In dole ta sa, tace shi da tsumma mai tsabta ka tafasa ya yi minti 1 yana tafarfasa, ko ka sa ƙwayar tsarkake ruwa ka jira lokacin da aka rubuta a jikinta, amma ka sani tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire maganin feshin gona. Wanka ma a yi hattara. A yawancin Afirka da wasu sassan Asiya da Kudancin Amurka, ruwa mai kwanciya da ciyayi yana ɗauke da tsargiya, ƙwayarta daga jikin wani ƙaramin dodon koɗi take fita ta huda fata, ba sai ka sha ba. A irin waɗannan wuraren duk shigar da ba dole ba a bar ta.

Ƙananan maƙwabta

Kaska tana maƙale a bakin ciyawa tana jiran mai wucewa, a Turai da Amurka ita ke yaɗa cutar Lyme, a wasu ƙasashe kuma wasu zazzaɓin daban. Cusa ƙafar wando cikin safa, bi tsakiyar turba, shafa maganin ƙwari mai sinadarin DEET. In ka same ta a jikinka kar ka ƙona ta kar ka shafa mata mai, kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a hankali a miƙe, ka wanke wurin, da wuri aka cire ta haɗarin ya ragu sosai. Maciji kuwa ba neman ka yake ba, yawancin sara daga taka shi ne ko sa hannu inda ido bai gani ba. In gungume ya gitta hanya taka kansa ka leƙa kafin ka sauka, kar ka tsallake shi kai tsaye. In tsautsayi ya faɗa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: kar a ɗaure da igiya tamau, kar a tsaga, kar a tsotsa, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti da gaggawa.

Hanyoyin kwari sau da yawa ta gonakin mutane suke ratsawa, wannan guminsu ne, ka bi gefe kar ka taka shuka kar ka tsinki komai, ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta, in ka haɗu da mai wurin ka yi sallama ka gaishe shi, sau da yawa shi zai ce maka kar ka bi ta can ruwa ya cinye. Garken shanu a zaga shi daga nesa a natse, musamman saniya mai ɗan maraƙi.

Hadari in ya taso kana fili ka tuna kai ne abu mafi tsawo a wurin. Daga walƙiya zuwa tsawa ka ƙirga, duk daƙiƙa 3 kilomita 1 ne, in bai kai daƙiƙa 30 ba ka nemi mafaka, gini ko mota, ka fita daga ruwa, ka nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai da shingen waya. In ba mafaka ku warwatsu kar ku dunƙule wuri ɗaya, a kurmi ku nemi inda itatuwa suka fi gajarta, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

In za ka kwana, wannan shimfiɗaɗɗen rairayin bakin ruwa mai kyau da ke kiranka shi ne wurin da bai kamata ba, ruwa ne ya share shi kuma zai dawo. Ɗaga kai ka duba rassan bakin kogi, za ka ga busasshiyar ciyawa da leda sun maƙale a sama, nan ne iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, ka kafa tantinka sama da wannan, aƙalla mita 60 daga ruwa, kamar taku 70 manya in ana ƙirga ƙafa biyun duka. Can sauro ya fi sauƙi, sanyin dare da hazo ma a ƙasan kwari suke taruwa. Ka kalli sama kar ka kwanta ƙarƙashin mataccen reshe. Bayan gida a tona rami santimita 15 zuwa 20 nesa da ruwa haka a rufe, shara kuma duk abin da ka shigo da shi ka fita da shi, domin ledar da ka yar a kwari ruwan farko zai kai ta kogi, akwai masu sha a ƙasa.

Da ka dawo gida kafin ka kwanta ka yi wanka ka duba jikinka kaf saboda kaska, bayan gwiwa, hammata, matsematsi, cibiya, bayan kunne da cikin gashi, yara kuma kai za ka duba musu. Cire shimfiɗar cikin takalmi ka cusa masa takarda ya bushe a inuwa. Ka rubuta awa nawa tafiyar ta ci da inda ruwa ya kai a kowane mashigi da watan da aka yi ta, fita ta gaba da wannan za ka yi lissafi. In kuma cikin makonnin da suka biyo baya ka ji zazzaɓi, ko ka ga jan zobe yana faɗaɗa a inda kaska ta ciza, ko jini a fitsari, je asibiti ka faɗa wa likita inda ka je da irin ruwan da ka shiga.